Daga Zauren Lugga zuwa Kujerar Tarauni: Yadda Kano Ta Tashi da Majalisa Guda

Ranar 25 ga Fabrairu 2023, duk wanda ya je rumfar zaɓe a Gyaɗi-Gyaɗi ko Darmanawa ko Unguwa Uku, takardun ƙuri'a uku aka miƙa masa: ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan Majalisar Wakilai. Da aka dawo ranar 18 ga Maris, biyu aka ba shi, ta gwamna da ta ɗan majalisar jiha. A Abuja majalisa biyu ce, kuma ƙuduri ba ya zama doka sai ya ratsa su duka. A Kano kuwa ɗaya ce tal, mai kujera 40, ɗaya daga ciki ta Tarauni. Mun saba da hakan har mun daina tambayar dalili, alhali ba haka aka faro ba. Tsawon shekara 19, daga 1947 zuwa 1966, mutumin Kano yana ƙarƙashin majalisa biyu ne a Kaduna, ban da ta Ikko. Ta saman ba a taɓa jefa mata ƙuri'a ko ɗaya ba. Rawani ne yake kai mutum cikinta, mutuwa ko tuɓewa ce take fitar da shi.

Tushenta tarurrukan da Turawa suka riƙa kiran manyan sarakuna a Kaduna tun cikin shekarun 1930. Taron shawara ne kawai, Razdan yana gefe, a tattauna haraji da ilimi da shari'a, kowa ya koma garinsa. Da Gwamna Arthur Richards ya kawo tsarin mulkinsa, wanda ya fara aiki a farkon 1947, sai aka mai da taron majalisa mai kujeru da ƙa'ida. Aka raba Nijeriya gida uku, amma Arewa kaɗai aka bai wa majalisa biyu a wancan karon: Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai. Yamma sai a tsarin 1951 ta sami tata majalisar sarakunan, Gabas kuwa sai gab da samun 'yancin kai. Turawan suna da abin koyi a gida, domin Ingila ma tana da majalisar masu sarauta a saman ta zaɓaɓɓu, ko da yake tun 1911 aka rage mata ƙarfi. Sai dai a Arewa ba koyi da Ingila ba ne babban dalili. Mulkin Turawa gaba ɗayansa a kan En'e yake tsaye, En'e kuwa sarki ne. Ba yadda za a yi a kafa wurin yin doka a bar masu karɓar haraji da riƙe 'yan doka da alƙalai da gidan yari a waje.

Duk sarki mai daraja ta ɗaya yana da kujera a Majalisar Sarakuna ba tare da wani sharaɗi ba. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Shehun Borno, Sarkin Gwandu, Sarkin Kano Abdullahi Bayero, Sarkin Katsina Usman Nagogo, Sarkin Zazzau Ja'afaru, duk suna ciki. Daga cikin sarakuna masu daraja ta biyu kuma a ɗauko wasu. Bature ne yake shugabantar zama. Majalisar Wakilan ita ma a lokacin sunan kawai ta ci, don rabinta kusan ma'aikatan Turawa ne, sauran kuma En'e ce take tsamo su daga cikin mutanenta, Gwamna ya cike da wasu 'yan kaɗan. Ta wannan hanya Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shigo daga Bauchi. Daga baya duka biyun a Zauren Lugga suka riƙa zama, ginin nan mai ƙubba da Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta gada.

A wannan zamani Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ƙauyuka ne a bayan ganuwa, gonaki sun kewaye su, hanyar Zariya ta ratsa ta gefe. Manomin wurin mai unguwa ya sani, sai dagaci, sai hakimi, sai Sarki. In an ce yana da wakili a Kaduna, to Sarkin ne, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya yarda.

Shekarar 1950 ce ta motsa komai. A watan Janairu, wurin babban taron Ibadan, Sarkin Zazzau da Sarkin Katsina suka tsaya kai da fata cewa sai an bai wa Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya, in ba haka ba a raba gari. Aka ba su. Wannan ya nuna cewa a lokacin sarakuna su ne bakin Arewa, ba 'yan boko ba. A watan Agusta kuma abu biyu suka faru. A Kano aka kafa NEPU ranar 8 ga wata, su Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Maitama Sule da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin suna cikin waɗanda suka assasa ta. A Kaduna kuma Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ya nemi a binciki tsarin En'e a yi masa gyara, maganar da ta yi wa sarakuna da yawa zafi. Ɗaya yana son a gyara gidan daga ciki, ɗayan yana son talaka ya karɓi makulli, amma duk biyun yatsa ɗaya suke nunawa.

Tsarin Gwamna Macpherson na 1951 shi ya kawo zaɓe, sai dai zaɓe ne hawa-hawa, kuma a nan ya kamata a daɗe, domin a nan ne Kanawa suka fara ɗanɗana yadda ake cin zaɓe a ƙasa a sha kaye a sama. Majalisar Wakilan Arewa aka ba ta zaɓaɓɓu 90. Ba wanda ya zaɓe su kai tsaye. Magidanta masu biyan haraji za su taru a unguwa ko ƙauye su fitar da wakilai a bainar jama'a, dagaci yana kallo. Waɗannan su je matakin gaba su fitar da wasu, a yi ta tacewa har a kai ga taron ƙarshe na lardi, wanda shi yake fitar da 'yan majalisa. Mata ba sa ciki ko kaɗan. A matakan farko cikin birnin Kano, NEPU ta ba kowa mamaki, ta kayar da mutanen fada a wurare da dama. Amma doka ta yarda En'e ta cusa nata mutanen cikin taron ƙarshe, kashi 10 cikin 100, ba tare da sun bi ta ƙasa ba. Ga kuma wakilan karkara da suka zo ta hannun hakimai. Da aka gama lissafi, NEPU ba ta sami kujera ko ɗaya daga Lardin Kano ba. Ana tsakiyar wannan zaɓe ne, a watan Oktoba, Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, NPC, ta tattara waɗanda suka yi nasara ƙarƙashin inuwarta.

Abin bai tsaya nan ba. Wakilan Arewa 68 da za su je Ikko, rabin zaɓaɓɓu 136 na majalisar tsakiya, taron haɗin gwiwa na Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai ne ya fitar da su. Wato sarakuna suna da hannu a wanda ya shiga majalisar ƙasa, suna da tasu majalisar a sama, sannan suna da ƙuri'a a wanda zai tafi Ikko. Wasu daga cikinsu ma suna zaune a majalisar zartarwa a matsayin ministoci marasa ma'aikata, kamar Sarkin Musulmi da Sarkin Katsina, daga baya kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi. Ko da aka zo ana zaɓe kai tsaye, a wasu birane a 1956, a ko'ina a 1959 da 1961, mafi yawan waɗanda NPC take tsayarwa hakimai ne da 'ya'yan sarki da ma'aikatan En'e da attajiran da ke kusa da fada. Shi kansa Firimiya Ahmadu Bello ɗan majalisar En'en Sakkwato ne kafin ya zama komai a Kaduna. Saboda haka majalisun biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Misali mafi kusa da mu shi ne Ado Bayero: a tsakiyar shekarun 1950 ya shiga Majalisar Wakilai da ƙuri'a, ya ajiye ya zama Wakilin Doka, ya tafi jakadanci Senegal, sannan a Oktoban 1963 ya dawo Zauren Lugga ta ɗaya ƙofar, yana Sarkin Kano.

A takarda, Majalisar Sarakunan Arewa ta fi takwarorinta na kudu ƙarfi. Can jinkirta doka kawai suke iya yi na ɗan lokaci. A nan in majalisun biyu suka saɓa, sai an zauna taron haɗin gwiwa, kowane ɓangare ya kawo adadi daidai da na ɗan'uwansa. Bayan Turawa sun ja baya, ciki har da Gwamna Sharwood-Smith da ake kira Mai Wandon Ƙarfe, Sarkin Gwandu Haruna ne ya zama shugaban majalisar, Alhaji Umaru Gwandu kuma yana shugabantar ta Wakilai. Ranar 15 ga Maris 1959 Arewa ta sami mulkin kai da wannan tsari. Har Majalisar Dattawa ta farko da aka kafa a Ikko, wadda Nnamdi Azikiwe ya fara shugabanta a 1960, ba zaɓenta jama'a suka yi ba. Kowane yanki gwamnatinsa ce take kawo sunaye 12, taron majalisunsa biyu ya amince.

To amma ƙarfin takarda daban, na zahiri daban. Majalisar da ake so ta taka wa gwamnati burki dole 'ya'yanta su kasance gwamnati ba ta iya taɓa kujerarsu. Sarakunan Arewa kuwa naɗinsu da darajarsu da tuɓe su duk suna hannun gwamnatin da ake cewa su sa wa ido. A 1962 aka kawo dokar da ta ɗora Kwamishinonin Lardi, 'yan siyasa, a inda Razdan yake a da, wato a saman sarakuna, kuma dokar ta ratsa majalisar sarakunan ta wuce. A shekarar nan aka turo Bature Muffett ya binciki kuɗin En'en Kano. A 1963 Sarki Muhammadu Sanusi, wanda ake ganin babu sarkin da ya kai shi ƙarfi a Arewa, ya yi murabus aka kai shi Azare. Majalisar da yake ɗaya daga cikin jiga-jiganta ba ta iya tsare masa rawani ba. Kanawa da yawa suka ɗauki abin a matsayin Kaduna ce ta taka Kano, har wata jam'iyya ta magoya bayansa ta ɓulla, kiran a ba Kano jiharta kuma ya ƙara ƙarfi. Ni a nawa karatun, tun daga ranar nan Majalisar Sarakuna ta zama ado. Sojoji gawa suka tarar.

Ranar 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa, dokar soja ta farko ta rufe duk majalisun ƙasar. Gwamnan sojan da aka naɗa wa Arewa, Hassan Usman Katsina, ɗan Sarkin Katsina ne, ya riƙa kiran sarakuna shawara, amma shawara ce ba doka ba. Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya yanka jihohi 12, Kano ta sami tata, Audu Bako ya zama gwamna. Cikin 'yan shekaru aka karɓe 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa aikin, ya mai da majalisun masarautu wurin ba da shawara, kuma a zaɓen da ya biyo baya ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. A cikin shekarun nan ne birni ya tsallaka ganuwa ya cinye gonakin kudu da gabas. Aka yanka filaye a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ma'aikatan sabuwar jiha da 'yan kasuwa da baƙi suka gina gidaje, mutanen da ba dagaci ne ya kawo su ba.

Saboda haka da Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin tsara kundin mulki a Oktoban 1975, ƙarƙashin Rotimi Williams, ƙasar da Majalisar Sarakuna ta tsaya a kai ta riga ta zaizaye. Kwamitin mutum 49 ne, majalisar da ta duba aikinsu a 1977 da 1978 kuma Mai Shari'a Udo Udoma ne shugabanta, Abubakar Rimi yana cikin wakilan Kano. Tsarin Amurka aka ɗauko: shugaba mai cikakken iko, gwamna mai cikakken iko, majalisa biyu a tarayya. Amma da aka zo kan jihohi sai aka sauka daga layin Amurka. Can jihohi 49 cikin 50 majalisa biyu gare su, kowace da sanatocinta na jiha da ake zaɓa. Nebraska ce kaɗai ta koma majalisa guda tun 1937. Nijeriya ta bi Nebraska a jihohi 19 gaba ɗaya. Sarakuna aka ba su majalisar shawara a kowace jiha, da kujera a Majalisar Ƙoli ta Ƙasa. Kundin 1999 ko wannan bai bar musu ba.

Akwai hujjoji masu kyau na yin hakan. Majalisar Dattawa a tarayya aikinta daidaita manya da ƙananan jihohi, Kano da Bayelsa kowa sanata uku. Cikin jiha guda babu irin wannan alƙawari tsakanin ƙananan hukumomi. Ga tsada. Wasu jihohin ƙasashen waje ma sun rushe tasu: Queensland ta Ostireliya a 1922, Quebec ta Kanada a 1968, Bavaria ta Jamus ta hanyar ƙuri'ar raba gardama a 1998. Amma wasu gyarawa suka yi maimakon rushewa. New South Wales ta mai da majalisarta ta sama zaɓaɓɓiya kai tsaye a 1978, yau mutum 42 ne, kowa shekara 8, ana sabunta rabi duk bayan shekara 4. Tasmaniya kujera 15 ce, kowace shekara a watan Mayu ake zaɓen biyu ko uku, don kada guguwar zaɓe ɗaya ta kwashe majalisar baki ɗaya. Indiya ta bar wa kowace jiha zaɓi, kuma 6 daga cikinsu suna da ta sama. Mu a nan, ina ganin, tarihi ne ya rufe mana wannan ƙofa. Wanda ya sha ɗauri a gidan yarin En'e saboda katin NEPU, in ka ce masa majalisa ta biyu a jiha, rawuna da alkyabba yake gani. Bai ga dalilin da zai sa a dawo da su ba, kuma yana da gaskiya. Amma tare da rawunan aka zubar da wani abu daban, wato a sami wuri na biyu da doka za ta kwana kafin ta fita.

A 1979 aka yi zaɓe mako-mako. Ranar 7 ga Yuli aka fara da sanatoci, karon farko da Bakano ya zaɓi ɗan majalisar sama da hannunsa. Kowace jiha biyar, jimilla 95. PRP ta Malam Aminu Kano ta kwashe na Kano duka biyar, Sabo Bakin Zuwo yana cikinsu. Ranar 21 ga wata aka zaɓi majalisar jiha. Kano ta lokacin, da Jigawa a cikinta, kujera 46 gare ta a Majalisar Wakilai ta tarayya, kundin kuma ya ce a ninka sau uku, sai ta tashi da 'yan majalisar jiha 138, mafi yawansu ƙwarai 'yan PRP. Jikokin waɗanda aka tace a 1951 su ne yanzu suke cike da zauren, babu kowa a samansu. Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamna ya soke haraji da jangali.

Shekarar 1981 ta nuna fuska biyu na majalisa guda. A Kaduna, inda NPN take da rinjaye, majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa, sannan ta tsige shi ranar 23 ga Yuni, ba wani zaure na biyu da zai sake duba tuhumar. A Kano, inda gwamna yake da rinjaye, gwamnati ta ɗaga darajar sarakunan Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse da Auyo, sannan a watan Yuli ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga Yuli gari ya kama da wuta, aka ƙona gine-ginen gwamnati da dama har da gidan Rediyon Kano, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai bai wa gwamna shawara kan siyasa. Da Sabo Bakin Zuwo ya hau a 1983 ya soke sababbin masarautun. Wata uku bayan nan soja suka dawo.

Tarauni ta zama ƙaramar hukuma cikin shekarun 1990, hedikwatarta a Unguwa Uku, da mazaɓu 10: Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu, Tarauni, Darmanawa, Daurawa, Babban Giji, Hotoro, Ƙauyen Alu, Unguwa Uku da Unguwar Gano. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da dubu 220. Kundin 1999 ya ce majalisar jiha ta ninka kujerun tarayya sau uku ko huɗu, amma kada ta gaza 24, kada ta wuce 40. Kano tana da kujera 24 a tarayya, da an bi ninkin da ta sami 72 ko 96, sai rufin ya tsayar da ita a 40. Ƙananan hukumomi kuwa 44 ne, don haka aka haɗa takwas bibbiyu: Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa, Ɓagwai da Shanono, Tsanyawa da Kunci. Wannan lissafi ya haifar da wani abin dariya a Tarauni. Ita kaɗai mazaɓa ce ta tarayya, ita kaɗai kuma mazaɓa ce ta jiha. Ɗan majalisar da yake zuwa Abuja da wanda yake zama a Kano mutane ɗaya suke wakilta, daga shataletalen Dangi har Hotoro, alhali a wata ƙaramar jiha mazaɓar tarayya guda tana ɗauke da 'yan majalisar jiha uku ko fiye. Jihar da ƙidaya ta ce ta fi kowace yawan jama'a tana cikin waɗanda kujerar majalisarsu ta fi nisa da talaka.

Majalisar sama ɗaya da ɗan Gyaɗi-Gyaɗi yake da ƙuri'a a cikinta ita ce ta Abuja, ta hanyar Kano ta Tsakiya mai ƙananan hukumomi 15. Daga 1999 kujerar ba ta zauna a hannun mutum ɗaya sau biyu a jere ba: Ibrahim Kura Muhammad, Rufa'i Sani Hanga, Muhammad Adamu Bello, Bashir Garba Lado, Rabi'u Musa Kwankwaso, Ibrahim Shekarau, sai Hanga kuma a 2023. Na ƙarshen ma sai da Kotun Ƙoli ta shiga, don Shekarau ya bar NNPP amma sunansa ya ci gaba da zama a takardun hukumar zaɓe, har aka fara bayyana shi a matsayin wanda ya ci kujerar da ya ce ba ya nema. Sai dai duk girman sanata, ba shi da ta cewa a kasafin kuɗin Kano, ko dokar filaye, ko harajin kasuwar Tarauni, ko makomar masarauta. Waɗannan na mutum 40 ne.

Kuma ba sai 40 ɗin sun cika ba. Kashi ɗaya cikin uku ya isa a buɗe zama, wato mutum 14, rinjayensu kuma ya isa ƙuduri ya wuce. Gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, amma in shi ne mai son dokar, minti 30 ma ta yi yawa. Ranar Litinin 6 ga Mayu 2019 aka karanta takardar neman ƙarin masarautu a zauren majalisa. Ranar Laraba 8 ga wata an gama karatu uku, Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu, Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye suka zama masarautu masu daraja ta ɗaya. Tarauni ta tsaya a ƙarƙashin Kano, amma Kanon an rage mata iyaka ƙwarai. A watan Nuwamba babbar kotun jiha ta soke dokar saboda ba a bi ƙa'ida ba, majalisa ta sake yin wata, aka sa mata hannu ranar 5 ga Disamba. Ranar 9 ga Maris 2020 aka tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, jikan wanda aka kai Azare. Da mulki ya juya, sabuwar majalisa ta soke dokar ranar 23 ga Mayu 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, aka mai da Sanusi, Aminu Ado Bayero da aka naɗa a gurbinsa ya sauka a gidan Sarki na Nasarawa, magana ta koma kotu. A watan Yuli kuma majalisar ta sake yin doka ta mai da Rano da Gaya da Ƙaraye masarautu masu daraja ta biyu. Ko wane ɓangare mutum yake, zai yarda cewa doka huɗu a kan abu ɗaya cikin shekara biyar, kowace da sauri, ba alamar dogon nazari ba ce. Sarautar da a 1951 take tace waɗanda za su shiga majalisa, yau majalisa ce take yanka ta tana ɗinkewa tsakanin Litinin da Laraba.

Ba na cikin masu cewa a dawo wa sarakuna da kujerar yin doka. Wanda gwamna yake iya tuɓewa da takarda ɗaya ba zai iya ce wa gwamna a'a ba, 1963 ta riga ta nuna haka. Gana ta fi mu dabara a nan: ta ba sarakunanta majalisarsu a Kumasi, ta tsare musu al'amuran sarauta daga hannun gwamnati, ta kuma hana su siyasar jam'iyya. Ba na kuma ɗaukar cewa majalisa ta biyu zaɓaɓɓiya magani ce da kanta. In rana ɗaya za a zaɓe ta da gwamna, jam'iyya ɗaya ta tsayar da 'yan takara, gidan gwamnati ya riƙe albashinta, to an ƙara motoci da alawus ne kawai. Abin da ya sa ta Tasmaniya take aiki shi ne lokacin zaɓenta daban, wa'adinta daban. Ko majalisa gudan ma ana iya ɗaure ta da ƙa'idar cewa dokar da ta shafi masarauta ko filaye ko bashi sai ta yi makonni tsakanin karatu da karatu, an saurari jama'a.

Kafa majalisa ta biyu kam sai an taɓa kundin mulki, hanyar kuwa sananniya ce: kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai, sannan amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Wato waɗanda za a raba wa iko biyu su ake jira su ɗaga hannu. A 2010 an kawo wa majalisun nan gyaran da zai ba su 'yancin riƙe kuɗinsu ba tare da sun bi ta hannun gwamna ba, ba a sami adadin da ake bukata ba. Sai a 2018 gyaran ya samu shiga.